Idon da ke Kan Danja da Idon da ke Kan Asusu

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara na ƙungiya, a Birnin Zariya

 



Da kwamitin shirye-shirye ya aiko mana da takardar gayyata, ya bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kansa. Mun san da yawa daga cikinku sun zaci za mu sake komawa kan makarantun firamare, tun da yake a can muka ƙarar da ƙarfinmu. To, bana mun ɗan kauce hanya, kuma wanda ya kautar da mu yana cikin wannan zaure, amma ba za mu ambaci sunansa ba. Tsohon ɗalibinmu ne, yana sana'a a Ikko. Da ya zo gaishe mu a Sallar da ta wuce, sai ya nuna mana wani saƙo a wayarsa, ga lambar motarsa, ga wuri, ga rana da lokaci, ga kuɗin tarar da aka yanka masa saboda ya keta jar danja. Ba wanda ya tsayar da shi, ba wanda ya karɓe masa makulli. Kyamara ce a kan fal ɗin titi ta ɗauke shi. Muka tambaye shi ko ya yi laifin, ya ce ya yi, kuma ya biya. Sa'an nan ya ce, "Amma Malam, kuɗin nan da na biya, ina suke zuwa, kuma wa ke ƙirga su?" Muka yi shiru. Malamin makaranta kuwa ba ya son ɗalibi ya yi masa tambayar da zai kasa amsawa, ko da ya daɗe da ajiye alli. Wannan jawabi ƙoƙarinmu ne na amsa masa.

Mu fara da ba na'urar haƙƙinta. A farkon 2025 gwamnatin Jihar Legas ta ba da sanarwar cewa ta kafa irin waɗannan kyamarori a wasu manyan hanyoyi, ta kuma yanka tarar Naira 20,000 ga wanda ya keta jar danja, da Naira 50,000 ga wanda ya wuce ƙa'idar gudu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwangila ko a Ƙofar Doka da yamma, ya ga yadda tirela da bas da Keke Napep da ɗan acaɓa da mai tura baro ke kokawar ƙetare mahaɗa guda a lokaci guda, ba zai ce ba a bukatar tsari ba. Ba gidan da ke cikin ganuwar nan da bai taɓa zuwa ta'aziyyar wanda hanya ta ci ba. Kyamara ba ta karɓar na goro. Ba ta jin "ka san ko ni wane ne?" Ba ta gajiya da rana, ba ta da ɗan garinsu. Ta wannan fuska ta fi mutum, kuma duk wanda ya yi musun haka son zuciya ne.

Sai dai muna da wani ɗan labari daga rayuwar aji, wanda ya sa ba ma sakin jiki da duk wani horo da ke kawo wa mai horon riba. A wata makarantar ƙauye da aka taɓa tura mu, shekaru kaɗan bayan fara shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, mun iske wata al'ada: duk yaron da ya makara, horonsa shi ne ya ɗebo ruwa bokiti guda ya zuba a randar gidan malamai. Da jin wannan, kowa zai ce dabara ce mai kyau, yara za su daina makara. Amma zango ya wuce, wani ya shigo, masu makara ba su ragu ba. Da muka sa ido, sai muka gano cewa duk ranar da randa ta yi ƙasa, mai buga ƙararrawa yakan buga ta kafin lokaci da 'yan mintoci. Ba wanda ya umarce shi a fili. Ya dai lura da ranar da fuskar malamai ke sakewa da ranar da take ɗaurewa. Maganin da muka yi bai wuce abu biyu ba: muka rataye agogo a bakin ofis inda kowane yaro zai gani, muka kuma mai da horon makara sharar fili, wadda ba ta cika randar kowa. Kafin ƙarshen zangon, layin masu makara ya koma 'yan tsiraru.

Ku riƙe wannan ƙararrawa a zuciya, domin za mu tafi da ita Amurka, inda aka daɗe da jarraba waɗannan kyamarori, aka ga alherinsu da sharrinsu. Birnin Shikago ya fara kafa su a 2003, ya ba wani kamfani mai suna Redflex kwangilar aikin. Tarar kowane laifi dala 100 ce, kuma cikin shekara goma sha ɗaya kuɗin da birnin ya tara ta wannan hanya sun haura dala miliyan 500. Hukuma na ta cewa don tsare rayuka ake yi. Wata jarida ta garin, Chicago Tribune, ta ce to a nuna mata littafin. Ta dogara da dokar da ta ba kowa ikon neman takardun gwamnati, aka yi ta jan ƙafa, ta nace, har ta sami bayanin tara fiye da miliyan 4 da aka yanka tun daga 2007. Da aka zauna aka tace su a 2014, sai aka ga abin mamaki: kyamarar da ta saba kama mutum biyu ko uku a yini, kwatsam sai ta koma kama gommai, ta yi kwanaki ko makonni a haka, sa'an nan ta koma yadda take, ba tare da wani ya iya bayyana dalili ba.

A cikin wannan shekara kuma ƙararrawarmu ta bayyana. Ƙa'idar birnin ita ce fitila mai ruwan ɗorawa, wadda ke gargaɗin direba kafin ja ta kama, ta ɗauki sakan 3. Sai aka gano cewa hukuma ta yarda a riƙa yanka tara ko da gargaɗin bai wuce sakan 2.9 ba. Kashi ɗaya cikin goma na sakan, abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan ɗan bambanci ya jawo wa mutane tara kusan 77,000, wato kusan dala miliyan 7.7. Ku yi mana haƙuri mu ɗan koma allo: motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowane sakan, kuma direba mai cikakken hankali yana bukatar kusan sakan guda kafin ƙafarsa ta sauka kan birki. Saboda haka wanda ke riƙe da agogon danja yana iya mai da mutumin kirki mai laifi ba tare da ya taɓa shi ba. Game da hatsari kuwa, binciken da jaridar ta sa masana suka yi ya nuna cewa karon gefe mai raunata mutane ya ragu da kashi 15 cikin 100 a inda aka kafa kyamarori, amma karon da ake yi wa mota ta baya ya ƙaru da kashi 22 cikin 100, saboda direbobi na taka birki a firgice don gudun tara. Ƙarshen tika-tika, an tabbatar a kotu cewa jami'in birnin da ya kula da kwangilar, John Bills, ya daɗe yana karɓar toshiyar baki daga kamfanin, aka ɗaure shi shekara 10 a 2016. Wata jihar ma, Tekzas, ta haramta kyamarorin danja gaba ɗaya a 2019.

Abin da muke so ku lura da shi a wannan labari shi ne hanyar da asiri ya tonu. Direbobin Shikago sun yi shekaru suna gunaguni, kamar yadda muke yi a majalisun ƙofar gida da wurin mai shayi, gunagunin bai mayar wa kowa da kwabo ba. Takarda ce ta yi aiki. Wani ya rubuta ya ce a ba shi lissafi, doka ta tilasta a ba shi, ya zauna ya ƙirga.

To, mu dawo gida. Maganar hukuma da kuɗin talaka ba baƙuwa ba ce a Zazzau. Waɗanda suka kai shekarunmu suna tuna lokacin haraji, yadda maigida kan ninke rasit ɗinsa ya soke a hula ko a aljihun 'yar ciki, domin in ɗan doka ya tare shi a ƙofar gari ko a kasuwa babu wannan 'yar takarda, kwanansa ya ɓaci. Kuɗin suna tafiya daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa baitulmalin En'e, inda ma'aji da akawunansa ke shigar da su littafi. A gaskiya ana rubuta lissafin, har ana tsara kasafin En'e kowace shekara. Amma an rubuta shi ne don idon Razdan da Di'o. Wanda ya sayar da akuyarsa ya biya, bai taɓa ganin shafi ɗaya ba, kuma bai ma san yana iya tambaya ba. Irin wannan nisa tsakanin mai mulki da wanda ake mulka yana cikin abin da ya sa Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Arewa a watan Agusta na 1950 ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Shi ne kuma ya yi ta ƙara wa NEPU magoya baya, har daga baya, a 1979, gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna. An soke harajin, amma ɗabi'ar ɓoye littafi ta zauna daram a ofisoshi, ga kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana ba ta mafaka. Mu da muka yi aikin gwamnati mun san yadda ake buga hatimin sirri a kan fayil ɗin da ba komai a cikinsa sai lissafin alli da rajista.

Yau abin da jihohi ke tseren nema shi ne kuɗin shiga na cikin gida, domin kason da ake rabowa daga Abuja ba ya isa. Ba mu ga laifin wannan ba. Asibiti da makaranta ba sa ginuwa da addu'a kaɗai. Jiharmu ta yi dokar haɗe haraji a 2016, wadda ta hana karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu, kuma kuɗin shigarta na cikin gida sun haura Naira biliyan 50 a 2020. A gefe guda kuma jihohi sun kakkafa hukumomin kula da zirga-zirga: LASTMA a Ikko tun 2000, KAROTA a Kano a 2012, mu kuma KASTLEA, wadda ta bazu a titunanmu a zamanin gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da waɗannan abubuwa biyu suka haɗu. Haraji kuɗi ne da gwamnati ke fatan su ƙaru kowace shekara. Tara kuwa, in har tana aikinta, kamata ya yi ta riƙa raguwa, domin raguwarta ita ce shaidar mutane sun gyaru. Ranar da aka rubuta tara a cikin kasafi a matsayin abin da ake sa ran samu, aka kuma auna ƙwazon shugaban hukuma da yawan abin da ya kawo, to ranar an ɗora randar gidan malamai a kan masu makara. Ba sai an sami mugun mutum a wurin ba. Mutumin kirki ma, in aka ce masa albashin ma'aikatansa na cikin aljihun masu laifi, ba zai yi murnar ranar da kowa ya bi doka ba.

Abin da ya shiga Ikko kuwa ba ya daɗewa bai hau jirgin Arewa ba. Saboda haka ya kamata mu yi tunani tun yanzu, kafin ranar da za mu wayi gari mu ga an dasa kyamara a Ƙofar Doka ko PZ ko Agoro. Wani zai ce mu 'yan cikin birni ina ruwanmu, lungunanmu da jaki biyu ba sa giftawa a cikinsu wa zai sa musu danja? Gaskiya ne, daga Babban Dodo zuwa Limancin Kona ba danja ke ba da hannu ba, haƙuri da "sannu Malam" ne. Amma 'ya'yan Kwarbai da Kaura da Unguwar Juma da ke neman abinci da Keke Napep da tasi ba a cikin ganuwa suke yini ba. Suna Tudun Wada, suna Sabon Gari, suna hanyar Samaru. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne. Tarar Naira 50,000 ta haura kashi biyu bisa uku na wannan albashi, ga wanda ma yake da albashin ke nan. Ga mai biyan balas kullum, tara guda tana iya raba shi da keken.

Akwai kuma wasu abubuwa na ƙasarmu da mai sayar da na'ura ba zai faɗa ba. Kyamara lambar mota take karantawa, ba fuskar direba ba. A nan kuwa mota kan wuce hannu uku ko huɗu takardunta na ɗauke da sunan wanda ya fara sayen ta, ga shi ya daɗe da mantawa da ita, wataƙila ma ya riga mu gidan gaskiya. Wa za a aika wa saƙon? Babur ɗin da ba shi da lamba, kyamara ba ta san shi ba. Babbar motar da aka lulluɓe lambarta da baƙar jaka, tana tafe da jiniya, ita ma ba ta san ta ba. Wanda zai shiga hannu shi ne na tsakiya, malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da ɗan tasi, waɗanda suka wahala suka yi rajista daidai. Sa'an nan ga danjar da ke mutuwa in batirinta ya yi sanyi, ga farin layin tsayawa da ya goge tun daminar bara. Kafin a hukunta mutum don ya ƙetare layi, ai sai a fara nuna masa layin.

Duk waɗannan ba su isa dalilin ƙin na'ura ba. Dalili ne na neman a buɗe littafi, kuma a nan ne muke da albishir ga waɗanda ba su sani ba. Ƙasar nan tana da Dokar 'Yancin Samun Bayanai. An fara kai ƙudurinta majalisa a 1999, ta sha jifa, har ta taɓa wucewa a 2007 aka ƙi sa mata hannu, sai ranar 28 ga Mayu, 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba mata hannu. Mun karanta ta daga farko har ƙarshe, ba ta da tsawo, wanda ya gama sakandare zai gane ta. Ta ce kowa yana da ikon neman duk wani bayani ko takarda da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ba dole ne ya faɗi dalilinsa ba. Wannan gaɓa a riƙe ta da kyau, domin tambayar farko da akan yi wa mutum a bakin ofis ita ce "kai a wa?" Doka ta ɗauke masa nauyin amsawa. Hukuma tana da kwana 7 ta ba da amsa. In takardun suna da yawa tana iya ƙara wasu kwana 7, ba fiye ba. In ta ƙi, sai ta rubuta dalili, ta nuna sashen da ta dogara da shi. In ta yi gum, shirun nan ƙi ne a idon doka, kuma mai nema yana da kwana 30 ya garzaya kotu. In kotu ta tabbatar an hana shi ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar Naira 500,000 a kan jami'in ko hukumar. Wanda ya lalata takarda ko ya jirkita ta da gangan, ɗaurin aƙalla shekara guda ne. Ba a biyan komai sai kuɗin kwafi. Wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya nema masa.

Akwai wani sashe da ya fi kowanne dacewa da maganarmu ta yau. Dokar ta shigar da kamfanonin 'yan kasuwa da ke aiki da kuɗin jama'a ko suke gudanar da aikin hukuma cikin waɗanda ake iya tambaya. Ke nan kamfanin da aka ba kwangilar kafa kyamara da aika saƙon tara ba zai fake da cewa shi ɗan kasuwa ne ba. Ba kuma za mu ɓoye muku ba, dokar ta keɓe wasu abubuwa: tsaron ƙasa, binciken laifi da ake kan yi, sirrin rayuwar mutum, da sirrin ciniki. Za a yi ƙoƙarin ɓuya a bayan na ƙarshen nan. Amma yawan tarar da aka yanka a mahaɗa kaza a wata kaza ba sirrin tsaro ba ne, kuma ba ya bukatar a ambaci sunan kowa.

Shekara da shekaru gwamnatocin jihohi suna cewa wannan doka ta Tarayya ce, ba ta hau kansu ba sai majalisarsu ta yi tata. Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta rabu biyu a kan haka a 2018, ta Akure ta ce ta hau, ta Benin ta ce ba ta hau ba. Ranar 11 ga Afrilu, 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama: dokar ta shafi kowane mataki na gwamnati, har da jihohi. Shari'ar ta samo asali ne daga wata takarda da wasu 'yan ƙungiyoyin sa kai suka rubuta a 2014, suna neman lissafin kuɗin yaƙi da cutar ƙanjamau a Jihar Edo. Shekara 11 suna bin takarda guda. Mun ambaci wannan don kada wani ya zaci aikin na mai gajen haƙuri ne. Su sun sha wahalar, mu kuma sai mu ci moriyar. Mu ƙara da cewa Jihar Kaduna da kanta ta shiga ƙawancen nan na duniya na gudanar da gwamnati a buɗe a 2018. Wanda ya yi alkawari a bainar jama'a, ba rashin kunya ba ne a tuna masa.

Yanzu ga abin da ya kawo mu gabanku, ku 'yan'uwa mazauna birane. Mun lura ƙungiyarmu ta ƙware wajen tara gudummawa. Mun gyara azuzuwa, mun haƙa burtsatse, mun sayi magani, Allah ya saka wa kowa. Amma sau nawa muka tambayi inda kuɗin da aka ware wa waɗannan ayyuka tun farko suka shiga? Muna cike ramin da ba mu taɓa tambayar wanda ya haƙa shi ba. A cikin wannan zaure akwai lauyoyi, akwai akantoci, akwai injiniyoyin hanya, akwai waɗanda suka kai muƙamin darakta kafin su yi ritaya, sun san wace durowa ake ajiye wane fayil. Ɗan Keke Napep ba shi da lokacin bin ofis, in ya je ma masinja ba zai bar shi ya wuce baranda ba. Ku ne za ku iya. Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a cikinsa a 1939, garin Barewa da Alhudahuda da Jami'ar Ahmadu Bello, bai kamata a ce ya rasa mai rubuta takarda shafi guda ba.

Muna ba da shawara taron nan ya kafa ƙaramin kwamiti, kada ya wuce mutum biyar, domin mun ga kwamitin mutum ashirin da bai taɓa cika ba sai ranar cin abinci. Aikinsa na farko bai ma shafi kyamara ba. Ya rubuta wa hukumomin da ke karɓar tarar hanya a yankin Zariya, cikin ladabi, da takarda mai tambarin ƙungiya, ya nemi a ba shi adadin tarar da aka yanka a shekara uku da suka wuce, wata bayan wata, da irin laifin, da jimillar kuɗin, da asusun da suka shiga. Ya nemi adadin haɗurran da aka rubuta a manyan mahaɗu a daidai wannan lokaci, domin a aza lissafin biyu kusa da juna a ga ko tara tana rage jini a kan titi. Ya tambaya kuma, mutum nawa ne suka yi ƙorafi, nawa aka mayar wa kuɗinsu. Duk ranar da aka zo da maganar kyamara, sai a ƙara da tambayoyin da Shikago ta koya mana: wa aka ba kwangilar, ta wace hanya, shin ana biyan sa ne da tsayayyen kuɗi ko da kaso daga kowace tara, sakan nawa aka ba fitila mai ruwan ɗorawa, wa ke da ikon taɓa wannan agogo, kuma da wane ma'auni aka zaɓi wannan mahaɗa aka bar waccan. In amsar ita ce ana biyan kamfani da kaso, to mun san inda randa take.

Mun san abin da wasu dattawa ke raɗawa: kada a ce ƙungiya ta shiga siyasa, kada a ɓata da hukuma, gobe muna da bukata a wurinta. Mun fahimci wannan tsoro, mun yi shekara talatin da biyar muna karɓar albashin gwamnati. Amma mun riƙe kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai a makarantu da dama, kuma abin da muka gani shi ne, hedimastan da ke manna lissafi a jikin allon sanarwa kowane zango shi ne wanda ke barci da daddare. Iyaye sun fi saurin biya in sun ga inda na bara suka tafi. Jami'in kirki, kuma suna da yawa, takardarmu kariya ce gare shi, domin zai sami abin da zai nuna wa na sama da shi in an matsa masa ya kawo ƙari. Sharaɗi ɗaya ne: duk amsar da aka ba mu, mai daɗi ko marar daɗi, a buga ta yadda take a mujallar baɗi. In lissafin ya fita tsaf, mu faɗa da babbar murya, mu yaba wa wanda ya cancanta. In kuma an yi shiru kwana 7 sun wuce, lauyoyinmu sun san hanyar kotu.

Kafin mu sauka, wata 'yar magana tsakaninmu. Ba zai yi kyau mu nemi ganin littafin gwamnati alhali namu yana rufe ba. Muna roƙon ma'ajin ƙungiya, wanda muka san amanarsa, ya sa a buga cikakken lissafin shiga da fita na kowane reshe a wannan mujalla, tun daga fitowa ta gaba. Shi kuma ɗalibinmu na Ikko, mun yi shawara da shi jiya, ya yarda zai shiga kwamitin in taro ya amince. Daftarin takardar farko yana hannun sakatare, wanda yake so ya duba ya gyara, yana iya karɓar kwafi bayan sallar La'asar.